Makomar Dokin Ƙarfe Bayan Mummunan Haɗari a Kan Titi

Duk lokacin da mota ta banke mai keke, hankalin jama'a yakan koma kan mutumin da ke kwance, kuma haka ya dace, domin rai yana gaba da dukiya. Sai dai daga sa'ar da aka ɗauke shi zuwa asibiti, keken da ya bari a kan kwalta yakan kama wata hanya tasa ta daban, wadda ba kasafai ake bin sawunta ba, alhali sau da yawa ita ce ke yanke ko za a gane yadda abin ya faru ko kuwa maganar za ta bi ruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na shekarar 2023, ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.19 ne ke rasa rayukansu a haɗurran titi kowace shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur, kuma nahiyar Afirka ce ta fi kowace yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'arta. Abin da ya bambanta mai keke da direba a irin wannan karo shi ne babu ƙarfen da ya kewaye shi, saboda haka a mafi munin haɗurra ko dai ya rasu nan take, ko ya suma, ko kuma ya farfaɗo bai tuna komai ba, sai ya zamana direban da ya buge shi ne kaɗai ya rage da bakin magana. A wannan hali keken shi ne shaidar da ta rage a ɓangaren mai shi, kuma gwargwadon yadda aka kula da shi ne za a iya jin ta bakin wanda ba ya iya magana.

Masu binciken haɗari, wato jami'an da aka horar su sake gina yadda karo ya auku daga alamun da ya bari, suna karanta keke kamar yadda maharbi ke karanta sawu a daji. Idan ƙafar baya ce ta murƙushe ta shige ciki, kariya ta lanƙwashe zuwa gaba, to daga baya aka buge shi, kuma wannan kaɗai ya isa ya rushe da'awar direban da ya ce mai keken ne ya faɗo masa daga gefe. Idan kuwa ƙarfe mai rassa biyu da ke riƙe da ƙafar gaba, wanda masu gyara ke kira fok, shi ne ya koma baya har taya ta kusa taɓa gangar jikin keken, to keken ne ya yi karo da wani abu ta gaba. Tsawon wurin da ƙarfe ya lotse daga ƙasa ana gwada shi da tsawon bambar motar da ake zargi, fentin da ya goge daga mota ya manne a jikin keke ana kankare shi a kai ɗakin gwaje-gwaje, kuma da shi ake gano launi da nau'in motar da ta gudu. Haka nan tazarar da ke tsakanin wurin da aka yi karon da wurin da keken ya tsaya, tare da kartar da feda ko kan keke ya yi wa kwalta, suna shiga lissafin da ake ƙiyasta gudun mota da shi. Har fitila tana ba da shaida: a tsohon ƙwan fitila mai siririn zare a ciki, zaren da ke da zafi yakan miƙe ya karkace idan aka buge shi, wanda ke da sanyi kuwa sai ya tsinke, da haka ake gane ko fitilar tana kunne a lokacin, tambayar da ke da nauyi ƙwarai a haɗarin dare. A kekunan zamani an sami ƙarin mai shaida, wato 'yar na'urar da ake ɗaurawa a kan keke tana rubuta gudu da hanya da lokaci ta tauraron ɗan'adam.

Dukkan wannan karatu ya rataya ne a kan sharaɗi guda, wato a sami keken a inda ya faɗi kuma a yadda ya faɗi. A Ingila, idan haɗari ya kai ga rasa rai ko ana fargabar hakan, 'yan sanda sukan rufe hanyar na sa'o'i, su ɗauki wurin a matsayin wurin da aka aikata laifi har sai bincike ya nuna akasin haka, su auna, su ɗauki hotuna, kafin a ɗaga ko da ɓallin ƙararrawa. A manyan hanyoyin arewacin Nijeriya da kudancin Nijar, inda manomi da ɗan makaranta da mai tallan burodi ke raba kwalta ɗaya da tirela, abin da aka saba gani daban ne: kafin jami'ai su iso, jama'a sun riga sun janye keken zuwa gefe, sun jingine shi da bishiya, wani ma ya tattaro takalmi da hula da kayan da suka zube ya ɗora a kan kariya, sannan an jera ganyaye a kan titi don gargaɗin masu tahowa. Babu mugun nufi a cikin wannan, tausayi ne da gudun kada wata motar ta ƙara yin ɓarna. Amma da janyewar nan an shafe rabin abin da keken zai iya faɗa. Tunda yanzu da wuya a tara mutum goma babu mai wayar da ke ɗaukar hoto, da za a saba da ɗaukar hoton keken da motar da alamun birki kafin a taɓa su, maimakon ɗaukar hoton wanda ya ji rauni ana yaɗawa, da an tsare wa iyalai da yawa haƙƙinsu, an kuma tsare mutuncin wanda abin ya shafa.

Daga bakin titi keken yakan wuce hannun hukuma a matsayin kayan shaida, wato abin da za a gabatar wa kotu don ta gani da idonta. Dokar Ingila ta shekarar 1984 da ta tsara ikon 'yan sanda ta ba su damar riƙe irin wannan kaya muddin ana buƙatarsa don bincike ko shari'a, saboda haka iyali kan jira watanni, wani lokaci fiye da shekara, kafin a kammala shari'ar direba ko zaman binciken musabbabin mutuwa, sannan a tambaye su ko suna son a mayar musu da keken ko a lalata shi. Tambaya ce mai nauyi, kuma iyalai sun sha bamban a kanta, domin akwai wanda ba zai iya haɗa ido da shi ba, akwai kuma wanda yake ganin shi ne abu na ƙarshe da hannun ɗansa ya riƙe. Misalin Davide Rebellin, ɗan tseren keke na Italiya, ya nuna tsawon irin wannan tafiya: babbar mota ta take shi a Montebello Vicentino ranar 30 ga Nuwamba, 2022, yana da shekara 51, makonni kaɗan bayan ya yi ritaya daga tsere, direban kuma ya wuce ya koma Jamus. Hoton kekensa da ya cukurkuɗe kamar an murɗa waya ya zagaya jaridun duniya, kyamarorin da ke wurin suka taimaka aka gano motar, amma sai a shekarar 2024 kotu ta yanke wa direban ɗaurin shekara huɗu. Wannan fa shahararren mutum ke nan, a wurin da akwai kyamara. Inda babu ita, ƙarfen da ya lanƙwashe shi ne kusan dukkan hujjar.

A Nijeriya, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ita ce galibi ke kai agaji da share hanya, binciken laifi kuwa yana hannun sashen 'yan sanda mai kula da zirga-zirgar ababen hawa, yayin da jami'an duba lafiyar mota, waɗanda aka fi sani da VIO, ke gwada birki da sitiyarin motar su rubuta rahoto. A ƙa'ida ana rubuta keken a rajistar kayan shaida, a damƙa shi ga jami'in da ke ajiyarsu, kuma ana iya sakin sa ga mai shi bisa alkawarin zai kawo shi duk ranar da kotu ta nema. Sai dai duk wanda ya taɓa wucewa ta harabar caji ofis ya ga yadda motoci da babura da kekuna ke jibge a fili, rana ta dake su damina ta dake su, har ciyawa ta tsiro ta cikin ƙafafunsu. Tsatsa tana cinye fentin da ya kamata a gwada, keken da ba shi da lamba ko takarda yana saurin ɓacewa a cikin tarin, kuma sau da yawa ɗawainiyar zirga-zirgar karɓo shi takan fi kuɗinsa, sai mai shi ya haƙura. Mai mota yana da dalilin matsa wa a saki motarsa, yana kuma da halin yin hakan. Mai keke yana kwance a asibiti, danginsa suna neman kuɗin jini da na ɗori.

Batun wanda zai biya kuɗin keken ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, kuma a nan ne ake gane matsayin da doka ta ba mai rauni a kan titi. A Holan, sashe na 185 na dokar hanya ya ɗora wa mai mota alhakin ɓarnar da ta sami wanda ba a cikin mota yake ba, sai idan ya tabbatar da cewa abin ya fi ƙarfinsa ta kowace fuska, kuma kotun ƙolin ƙasar ta kafa ƙa'idar cewa baligi mai keke zai sami aƙalla rabin diyyarsa ko da yana da nasa kuskuren, yaron da bai kai shekara 14 ba kuwa a biya shi duka. Faransa ta bi wata hanya a dokar 5 ga Yuli, 1985, wadda ake kira da sunan ministan shari'a Robert Badinter: ta kare jikin mai keke kusan ba tare da duba kuskurensa ba, amma ta bar ƙofar a rage ko a hana diyyar dukiyarsa idan yana da laifi, wato dai mutum da kekensa ba hukunci ɗaya ke hawa kansu ba. A Nijeriya inshorar da ke biyan wanda mota ta yi wa ɓarna wajibi ce tun dokar 1945, kuma daga farkon 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa ta mayar da kuɗinta naira 15,000 ga motar gida, ta kuma ɗaga iyakar abin da za a biya na ɓarnar dukiya zuwa naira miliyan 3, adadin da ya ninka kuɗin keken talaka sau da yawa. Matsalar ita ce masu keke kaɗan ne suka san suna da wannan haƙƙi, takardun inshorar jabu sun yi yawa, kuma kamfani ba ya biya sai da rahoton 'yan sanda da hujjar ɓarnar, wato sai da keken nan da aka bari yana tsatsa.

Abin lura shi ne fiƙihun Malikiyya, wanda alƙalan ƙasar Hausa suka yi ƙarnoni suna hukunci da shi, ya riga ya tsara wannan babi filla-filla a ƙarƙashin lamuni, wato wajabcin biyan abin da mutum ya lalata na wani. Risalar Ibn Abi Zaid ta ɗora wa mahayin dabba da mai jan ta da mai kora ta alhakin abin da ta taka, kuma Majalisar Fiƙihu ta Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Burunai a 1993, ta fitar da nata hukuncin a kan haɗurran mota. Game da kayan da aka lalata, malaman mazhabar sun raba ɓarna gida biyu: idan ƙarama ce wadda ba ta kawar da amfanin abin ba, mai ɓarnar zai biya gwargwadon abin da ƙimarsa ta ragu, idan kuwa ta kai abin ba ya ƙara yin aikin da aka mallake shi dominsa, mai shi yana da zaɓi, ko ya karɓi cikakkiyar ƙimarsa ya bar wa mai ɓarnar gawar kayan, ko ya riƙe kayansa ya karɓi cikon abin da ya ragu. Kusan wannan ne tsarin da kamfanonin inshora ke bi a yau idan suka ga kuɗin gyara ya zarce ƙimar keke, sai su biya kuɗin da zai yi a kasuwa a ranar haɗarin, ba kuɗin sabo ba, ragowar ƙarfen kuma ya zama nasu.

A aikace, a ƙasar Hausa irin waɗannan maganganu sau da yawa a wajen kotu suke ƙarewa, ta hanyar sulhu a gaban mai unguwa ko dattawa ko shugabannin ƙungiyar direbobi, inda dangin direba ke zuwa jaje ko ta'aziyya, dangin mai keke kuma su ce ƙaddara ce, sun yafe. Yafiya hali ne na girma da addini ya kwaɗaitar a kansa, kuma babu mai raina ta. Amma akwai wurin da ya kamata a tsaya a yi hattara. Idan mai keken ya rasu, keken da kuɗin ɓarnarsa da diyyar ransa duk sun zama gado, haƙƙin matarsa da 'ya'yansa da iyayensa, kuma malamai sun bayyana cewa waliyyi ba shi da ikon yafe haƙƙin dukiyar maraya ba tare da wata maslaha ga marayan ba. Ga mutumin da ke kai madara ko itace ko kayan gwari kasuwa a bayan kekensa, wannan ƙarfe shi ne jarinsa kacokan, kuma gidan da ya rasa mai nema ya kuma rasa abin neman a rana ɗaya ya yi asara biyu. Kawu ko yaya da ya miƙe a zauren makoki ya ce an yafe komai, cikin kunya da kawaici, yana iya kyautar da abin da ba nasa ba.

Idan keken ya dawo gida, sai tambayar ko zai sake hawuwa ta taso, amsarta kuma tana ga irin abin da aka ƙera shi da shi. Baƙin keken ƙarfe irin Raleigh da Phoenix, wanda ya fi yawa a karkara, yana da kauri da haƙuri, ƙarfensa yakan lanƙwashe kafin ya karye, kuma yana nuna ciwonsa a fili: idan an yi karo ta gaba za a ga fenti ya tsage, ƙarfe ya yi 'yar tattara a ƙarƙashin bututun da ke bayan wuyan keken. Mai gyaran keke yakan zura bututu ya miƙar da shi, ya ɗaure sabbin wayoyin ƙafa, ya daidaita ta har ta daina rawa, ya sauya boris, kuma gwanaye a cikinsu suna aikin da ya cancanci yabo da kayan aiki kaɗan. Haɗarin yana ga fok da kan keke da sandar feda, domin ƙarfen da aka lanƙwasa aka miƙar, musamman idan an gasa shi da wutar walda, ya riga ya raunana, kuma fok idan ya karye ana cikin gudu fuskar mahayi ce ke fara isa ƙasa. Waɗannan sassa sauya su ake yi, ba miƙarwa ba, ko da kuwa ido bai ga tsaga ba.

Kekunan zamani sun fi wuyar sha'ani. Alminiyam, farin ƙarfe marar nauyi da ake yin yawancin kekunan hawan tudu da shi, ba ya jure a lanƙwasa shi a mayar, kuma idan an yi masa walda sai an sake gasa dukkan gangar jikin a tanda ta musamman kafin ƙarfinsa ya dawo, abin da ba a samu a rumfar bakin titi. Zaren kabon kuwa, wanda ake ƙera kekunan tsere masu tsada da shi, shimfiɗu ne na siraran zaruruwa da aka manne da wani irin ƙaro, kuma duka yana iya raba shimfiɗun daga ciki alhali fentin waje yana ƙyalli lafiya lau, har ranar da zai ɓalle gaba ɗaya ba tare da gargaɗi ba. Ƙwararru suna gano irin wannan ɓoyayyen ciwo da na'urar da ke aika sauti cikin abu, irin wadda ake duba mai juna biyu da ita, kuma saboda haka ne manyan kamfanoni da dama ke rage wa wanda ya yi haɗari kuɗin sabuwar gangar jiki, don kada ya ci gaba da hawan tsohuwar. Hular kwano ma duka ɗaya aka yi ta ta ɗauka, domin soson da ke cikinta murƙushewa yake yi ba ya komawa, batirin keken lantarki da ya bugu kuwa yana iya kamawa da wuta bayan sa'o'i ko kwanaki, don haka ba a kwana da shi a ɗaki. Wannan bayani ya shafi mai sayen keken gwanjo da ake shigowa da shi daga Turai da Asiya, tunda babu takardar da ke biyo keke ta faɗi abin da ya taɓa samunsa.

Akwai kuma kekunan da ba a gyarawa, ba a kuma zubarwa. A wata 'yar majami'a da ake kira Madonna del Ghisallo, a kan tudu kusa da tafkin Komo a Italiya, an rataye keken Fabio Casartelli, zakaran gasar Olamfik ta 1992, wanda ya faɗi ya rasu a gangaren tsaunin Portet d'Aspet ranar 18 ga Yuli, 1995, a gasar zagaye Faransa, yana da shekara 24, kuma an bar fok ɗinsa a lanƙwashe yadda ya tashi daga wurin. A titunan birane kuwa wata al'ada ta samo asali a Sen Luwis ta Amurka a 2003, lokacin da Patrick Van Der Tuin ya ga mota ta buge mai keke, sai ya shafe wani tsohon keke da farin fenti ya ɗaure shi a wurin da allon sanarwa. Al'adar ta isa Niyok a 2005, daga nan ta bazu zuwa birane da yawa na duniya da sunan fatalwar keke. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne farin keken nan galibi ba shi ne wanda aka yi haɗarin da shi ba, domin wancan yana ɗakin ajiyar 'yan sanda. Wani mataccen keke ne ake samowa, a cire masa duk abin da ɓarawo zai so, a fente shi har taya. Al'adar Musulmin ƙasar Hausa ba ta san kafa alama a wurin da mutum ya rasu ba, addu'a da sadaka ake bin mamaci da su, kuma babu buƙatar aro abin da bai dace da ita ba. Amma aikin da farin keken ke yi, na nuna wa hukuma cewa kwana kaza ko mahaɗa kaza tana cin mutane, aiki ne da rajistar haɗurra mai kyau za ta iya yi, idan ana shigar da haɗarin mai keke a cikinta ko da an yi sulhu.

Mafi yawan kekunan da suka yi mummunan haɗari a ƙasar Hausa a hannun mai gyara suke ƙarewa, ya warware su gunduwa-gunduwa. Sirdi da sarƙa da feda da ƙararrawa suna shiga akwatinsa su jira wani keken, ƙafar da ta tsira takan koma ƙarƙashin amalanke, wasu sassan kuma masu walda su saye su haɗa keken guragu mai feda a hannu, wanda wani lokaci wanda haɗarin titi ya naƙasa ne zai hau shi. Gangar jikin da ta ƙi miƙuwa 'yan gwangwan ke saye a kan sikeli da kuɗi kaɗan, su tara ta da sauran tarkace a loda a tirela zuwa masana'antun narkar da ƙarfe, inda ake mayar da ita rodin gini.